Neman shawara: yayana ya koma kan magani, jiki ya ƙara rikicewa

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana. Yayana na da cuta mai karya garkuwar jiki. Ya daina shan magani tun da matarsa ta yi yaji, ga rigimar gado da baffanninmu, ga shago ya rufe. Yanzu hannun dama ya saki, harshe ya yi nauyi, amma ba zazzaɓi. CD4 ɗinsa, wato ma'aunin ƙarfin garkuwa, ya faɗi zuwa 60. An yi hoton ƙwaƙwalwa na MRI, likita na zargin PML, wata cutar ƙwaƙwalwa. An mayar da shi kan magani, sati uku jiki ya ƙara rikicewa, sai muka dakatar. Sun ce a ɗebi ruwan baya, Hajiya ta ƙi. Ya za mu yi?

Likita: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ku koma asibiti yau a ci gaba da maganin. Ƙwayar cuta mai suna JC ce ke kawo PML. Mutane da yawa na ɗauke da ita kwance a ƙoda, sai garkuwa ta faɗi take cin farin ɓangaren ƙwaƙwalwa. Ba maganin da ke kashe ta, an gwada maganin mefloquine bai yi ba. Garkuwar ce maganin. Rikicewar nan na iya zama IRIS, wato garkuwa ta farfaɗo ta haddasa kumburi. A sake MRI da allurar kala. In kumburin ya yi yawa, akan ba da methylprednisolone, wani steroid mai rage kumburi, giram 1 kullum, kwana 3 zuwa 5.

Ma'aikaciyar jinya: Likita, da CD4 60 ni toxoplasma, wata ƙwayar cuta da ita ma ke kama ƙwaƙwalwa, zan fara zargi. A ba shi Septrin mai ƙarfi sati 2 a gani. A kuma yi gwajin CrAg a jini, wato na gano cryptococcus mai kawo sanƙarau.

Likita: CrAg na yarda. Amma tabon toxoplasma zobe yake yi, yana tura ƙwaƙwalwa gefe. Na PML ba ya turawa. Steroid kuma na rufe alamu, shi ya sa ruwan bayan ya zama dole.

Ma'aikacin lab: Ruwan ma ina za a kai? PCR, gwajin gano JC a ruwan, ba kowane asibiti ke yi ba, kuɗin ya fi ƙarfin talaka, samfur ya lalace a hanya ba firji. Ko ya fito babu, ba a wanke mutum ba, sai an maimaita.

Mai tambaya: Ba sakaci muka yi ba fa. A gabanmu yake shan maganin yana lalacewa. Hajiya ta ce ɗibar ruwan baya na gurgunta mutum.

Likita: Allurar ƙasa da inda lakar baya ta ƙare ake sa ta. Kwana nawa da dakatarwar?

Mai tambaya: Sai Baffa ya dawo daga tafiya za a yanke shawara.