Takardar da na haɗa a gida tana karyewa, ina kuskuren yake?

Maman Nafisa, unguwar Zariya:
Assalamu alaikum. Ni malamar lakwal ce a nan Maraɗi. Duk watan Yuni in aka tashi hutu, tsofaffin kaye, wato littattafan rubutu na yara, suna ƙarewa a bola ko a wuta, sauran iska ta kwashe su zuwa magudanar ruwa, damina ta zo ta tura su Gulbi. Abin yana ci mini rai. Bana na tara buhu guda, na ce sai na mayar da su sabuwar takarda.

Na yayyage su, na jiƙa a baho kwana 2, na kirɓa a turmi har suka yi laushi kamar kullu. Kafinta ya haɗa mini katako mai kusurwa huɗu, na ɗaure masa tsohon gidan sauro. Na zuba kullun a kai, na baje da hannu, na shanya a rana. Abin da ya fito ya yi kauri kamar kwali, ya nannaɗe, da na lanƙwasa sai ya karye. Da Nafisa ta yi rubutu a kai da alƙalami, tawadar ta baje. Don Allah wanda ya sani ya taimaka, ina son in koya wa ɗalibaina in an koma a watan Oktoba.

Baba na Mokoyo:
Wa alaikumus salam, ɗiyata. Sannu da ƙoƙari. Kuskurenki na farko bajewa da hannu. Ki cika baho da ruwa, ki sa kullun kamar kofi biyu kawai, ki dama ya tsinke fiye da koko. Sai ki nitsa katakon, ki ɗago shi a miƙe, ki ɗan girgiza. Zaren takardar da kansa zai kwanta daidai. Ki kife shi a kan tsohon zanen auduga, ki tsane bayansa da soso, ki ɗaga a hankali. In kin jera goma, kowace da ƙyalle a tsakani, ki ɗora katako da bulo biyu su kwana. Kuma ki raba ta da rana! Ranar Maraɗi ko fata nannaɗe ta take yi. A inuwa za ta bushe.

Karyewar kuwa, duk sanda aka kirɓa takarda zarenta yana ƙara gajarta. Ki samo ɓawon rama, ki dafa shi da ruwan toka har ya yi laushi, ki wanke sosai, ki daka ki haɗa. Shi ne zai riƙe ta.

Malam Ɗan Tibiri:
Malama, Allah ya saka da alheri. Abu guda nake roƙo: kafin ki jiƙa, ki zauna ki tsince duk shafin da ke da aya ko sunan Allah. Yara da yawa suna buɗe kaye da Bismilla. Waɗannan a ware su, kada su shiga turmi, kada kuma ruwansu ya bi kwata.

Batun tawada, ki jiƙa ƙaro, irin wanda muke sa wa tawadar allo, ki tace, ki shafa wa takardar siriri bayan ta bushe. Sitacin guga ma yana yi. Littattafan da kakanmu ya bari, in ka ɗaga ganyensu a haske za ka ga jinjirin wata uku a ciki. Daga Italiya aka kawo takardar ta hanyar Tarabulus, ta hannu ce, har yau tawadarta ba ta baje ba.

Maman Nafisa:
Na gode ƙwarai, Baba, na gode Malam. Wallahi ban yi tunanin shafukan Bismilla ba, na koma buhun na ware 31. Jiya na gwada yadda Baba ya ce, na ciro 12, uku sun yage wajen kifewa, tara sun fito sirara har ana ganin inuwar yatsa ta baya. Na ninka ɗaya gida huɗu ba ta karye ba. Ruwan bahon ma ban zubar ba, na sake aiki da shi yau. Na zuba ruwan zoɓo a rabin kullun ina son ja, sai ya fito shuɗi-shuɗi mai toka, yara kuma shi suka fi so. Ramar ce ban samu ba tukuna. Baba, sabon ɓawo ake nema ko tsohuwar igiya ma za ta yi?