Tauraro matashi mai bugu: ta ina ake fara samfurinsa?

Ɗalibin Falaki: Assalamu alaikum malamai. Ina da bayanan haske daga TESS, na'urar hangen taurari da ke sararin samaniya, na wani tauraro matashi, nauyinsa kusan ninki biyu na nauyin rana, bai kankama ƙona haidurojin ba tukuna. Haskensa na rawa irin ta taurarin Delta Scuti, masu bugu, wato kumbura da tsukewa a kai a kai, amma na kasa rarrabe bugun gaske da hayaniya. Me zan yi kafin in shiga MESA, manhajar da ke gina samfurin tauraro a kwamfuta?

Malam Zahra-da-Wata: Wa alaikumus salam. Fara duba tazarar ɗaukar hoton. Ta minti 30 ba ta kama abin da ya haura bugu 24 a rana, su kuwa waɗannan matasan sukan wuce 50, sai bugun ya fito maka a gurbin ƙarya. Ɗauko ta minti 2, iyakarta bugu 360 a rana.

Sai ƙura. Faifan da ke kewaye da tauraron yakan gitta ya dusashe shi na sa'o'i ko kwanaki, alhali bugun kansa ɗan mitsitsi ne. Tace wannan dusashewar mai jan-ƙafa tukuna, sannan ka ciro bugun ɗaya bayan ɗaya da manhajar Period04, ka tsaya da zarar ƙarfinsa bai ninka hayaniya sau 4 ba. Kallon kwana 27 da TESS kan yi wa yanki ɗaya na sama kuma ba ya raba bugu biyu da ratarsu ta gaza kusan 0.04 a rana.

Malama Mai Lissafi: Ƙanena, kada ka cusa wa samfuri duk lambobin da ka samu. Nemi jerin da ke maimaita tazara ɗaya, galibi 6 zuwa 7 a rana. Wannan tazarar ce ke faɗa maka cunkoson jikin tauraron, da ita za ka tankaɗe samfuran MESA kafin manhajar GYRE ta lissafa bugunsu. Ka ƙanƙanta matakin lokaci sosai: tauraron na tsukewa da sauri, babban mataki yana tsallake wurin da ya fara ƙona kabon, shekarun su fito a karkace. Ta wannan hanya aka kai ga shekara kusan miliyan 11 ga matashin tauraron nan HD 139614 a 2021.

Malam Zahra-da-Wata: Haka ne Malama, amma ya duba juyawa. Tauraro mai saurin juyawa yana kumbura a tsakiya, jerin ya hargitse, ƙaramin gyara a lissafi ba ya isa. Ka samo saurin daga faɗin layukan bakan haskensa kafin ka yarda da kowane samfuri.