Gayyar sare kachala ta fara mutuwa a garinmu, ko mu sa tara?

Magatakardan Bakin Tafki:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke riƙe da littafin ƙungiyar ci gaban garinmu, wani ɗan ƙaramin gari a bakin tafkin Nguru, ta ɓangaren da ruwan magudanar Marma yake shigowa. Abin da na gani ranar Asabar ɗin da ta wuce shi ya kawo ni neman shawara.

Wanda ya san yankinmu ya san kachala, doguwar ciyawar nan da ke tsirowa cikin ruwa. Iyayenmu suna ba mu labari cewa a da ruwa da damina yake zuwa ya malale fadama, rani na yi ya janye, ƙasa ta bushe har ta tsattsage, mutane su bi bayan ruwan da shuka. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, sai ya zama ana sako ruwa rani da damina, wasu wuraren ba sa bushewa ko kaɗan. Ita kuwa kachala abin da take nema ke nan, ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Ta fi mutum tsawo, ta toshe hanyar kwale-kwale, laka ta taru a gindinta, ruwa ya rasa mafita ya juyo mana gonaki. Ga tsuntsun nan jan baki da ya mai da ita wurin kwana, da safe ya tashi kamar hadari ya sauka a shinkafa.

Saboda haka muka daɗe muna gayya. Ranar Juma'a bayan masallaci sanƙira ya zaga, Asabar da sassafe kowa ya fito da lauje da adda, mai ganga yana bakin gaɓa, mata sun dama kunu. Da haka muke buɗe mashigin da masunta ke bi. Shekara 2 da suka wuce wata ƙungiya ta zo ta ɗauki matasanmu wannan aikin dai, amma da kuɗin yini, na 'yan makonni. Ba na zarginsu, alheri suka nufa, kuma sun yi aiki. Sai dai tun da suka tafi, duk wanda ka je wa da maganar gayya tambayarsa ɗaya: nawa za a bayar?

Asabar ɗin nan mutum 11 na rubuta a littafi, 7 daga ciki sun haura 50. Akwai wani dattijo, abokin mahaifina ne, yana cikin ruwa iya ƙirji tun hantsi. Da ya fito shan ruwa na ga matsattsaku biyu manne a ƙwaurinsa, sun kumbura da jini. Bai ce komai ba, ya ɗebi toka daga murhun masu kunu ya barbaɗa musu suka faɗi, ya ɗaure wurin da tsumma ya koma ruwa. Wallahi kasa kallonsa na yi.

Shugabanmu ya ce a sa tarar naira 1,000 ga duk gidan da bai turo mutum ba. Wasu ma cewa suke a hana kwale-kwalen wanda bai fito ba bin mashigin. Zuciyata ba ta kwanta da wannan ba, amma ba ni da abin da zan ajiye a madadinsa. Waɗanda suka taɓa riƙe irin wannan aiki, yaya kuka yi?

Tsohon Manomi daga Guri:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da wannan ɗawainiya. Kafin a zo maganar tara bari in tambaye ka: yaya kuke saran? Don na ga garuruwa da dama da gayyarsu ta mutu ba don lalacin yara ba, sai don sun gaji da aikin baban giwa. Mutum ya yini cikin ruwa, bayan 'yan makonni ya wuce ya ga ta tofo kore shar kamar ba a taɓa ta ba, wa zai sake fitowa?

Mu ma haka muka yi shekaru muna sare ta daga sama, wani lokacin mu bari ta bushe mu banka mata wuta. Wuta ba ta kai wa ga saiwa, toka ma taki take zame mata. Abin da muka gane daga baya shi ne kachala ta cikin ganye da kara take shaƙar iska ta kai wa saiwar da ke cikin laka. In ka karya karan ka duba za ka ga cikinsa ramuka ne kamar soso. To idan ka sare ta a ƙarƙashin ruwa, kamar taƙi ɗaya ko fiye, ruwa ya rufe kututturen, saiwar ta rasa numfashi. Sara ɗaya ba ya kashe ta. Da ta fara leƙowa a koma, sau biyu ko uku a jere, kuma kada a yi a lokacin da ruwa ke janyewa, don in kututturen ya fito fili an yi aikin banza. A riga ta kafin kan nan nata mai kama da gero ya nuna ya fashe, don in ya fashe iska ce ke raba irin kamar audugar rimi. Wadda aka sare kuma a jawo ta tudu. In aka bar ta a ruwa ruɓewa za ta yi ta ƙara cike hanyar.

Na biyu, ku daina kiran gari gaba ɗaya. Mu sanduna muka kafa, muka raba magudanar unguwa-unguwa, kowace unguwa da mai unguwarta da rabonta. Wanda ya bi ta kwale-kwale yana gani da idonsa rabon wa ya buɗe, rabon wa ya toshe. Kunyar wannan ta fi tara aiki. Tara kuwa in kun sa, mai hali zai biya ya zauna a inuwa, talaka ya shiga ruwa, kun raba gari biyu ke nan.

Ma'aikaciyar Lafiya, Gashuwa:

Baba ya gama magana a kan sara. Ni ta ɓangaren aikina zan sa baki. Malam magatakarda, kada ku ɗauka kuɗi kaɗai ne ya hana matasan. Ruwan da ke kwance cikin kachala nan dodon koɗi yake zama, shi ne kuma mai ɗauke da tsutsar tsargiya, ta fata take shiga. Yara maza nawa ne a garuruwan bakin ruwa suke fitsarin jini har ana ɗauka alamar balaga ce? Cuta ce, tana cin mafitsara a hankali, kuma tana da magani, Praziquantel. In ƙungiya na da ɗan abu a asusu, ku nemi ma'aikacin lafiyar da ke kusa da ku ya duba masu shiga ruwa, ku sayi dogayen takalman roba ko ƙafa 10 ne ana karɓa-karɓa, da sabulu da abin wanke rauni. Matashin da ya ga an damu da jikinsa ya fi saurin fitowa.

Sannan ban ji ka ambaci mata a littafin naka ba sai a wurin kunu. Geron kunun daga ina yake fitowa? Itacen fa? In macen da mijinta ya rasu ta kawo kwano ɗaya na gero, a rubuta gidanta ya fito gayya. In kuka sa tara ba ku yi wannan ba, irin gidajen nan za ta fara faɗa wa.

Matashi Mai Koma:

Ku yi haƙuri iyayena, ni ina cikin irin waɗanda ake magana a kansu, ko da yake ba garinku ɗaya da ni ba. Mu ma mun daina fita, kuma ba raini ba ne. Ranar da na shiga gayya, ranar ban jefa koma ba, gidana sai bashi. An buɗe mashigi, washegari sai ka tarar mai dumba, wato shingen kama kifi, ya tare bakin ya kafa kayansa, mai injin ban ruwa ya zura tiyo, mu masu ƙaramin jirgi a ce mu matsa gaba. Su kuwa ranar aiki ko yaro ba su turo ba. Kuɗin da ake karɓa na ƙungiya ma ba mu taɓa jin an karanta lissafinsa a bainar jama'a ba. Yaya magatakarda, ban ce haka take a wurinku ba, amma ka bincika. In har sarkin ruwa zai tsaya ya ce mashigin da gayya ta buɗe ba mai kafa dumba a bakinsa, ni ko sisi ba na nema.

Kuma a faɗi gaskiya, lauje ba zai iya da Marma ba. Wannan aikin inji ne, na gwamnatocin Jigawa da Yobe da hukumar kogin Haɗeja da Jama'are. Ƙungiyoyinku su haɗa kai da na garuruwan sama da ƙasa su rubuta takarda ɗaya. In ku kun share naku, na gaba da ku bai share ba, ruwan a gonarku zai tsaya.

Baƙo daga Yamai:

Ba ku kaɗai ba ne. Kogin Senegal ma haka kachala ta cinye shi bayan an gina dam ɗin Diama a 1986. A can ɓangaren Muritaniya akwai ƙauyukan da suke busar da ita su yi gawayin girki su sayar. In wadda kuka jawo tudu za ta zama kuɗi a asusun ƙungiya, ko na takalman da Hajiya ta ambata ya fito.

Magatakardan Bakin Tafki:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, ka kama mu, daga sama muke sara, kuma nan muke barinta a ruwa. Hajiya, gaskiya ne babu sunan mace ko ɗaya a littafin, kuma ni ne mai rubutawa, laifina ne.

Ƙanena, maganarka ta fi yi mini zafi don na san bakin mashigin namu, na kuma san kayan wa ke kafe a wurin tun bara. Lissafi kuwa yana nan daidai har kwabo, amma rabon da a karanta shi a taro tun kafin azumin bara.

Jiya da daddare na je wurin shugaba, ya yarda a jingine maganar tara zuwa bayan wata biyu. Juma'ar nan bayan an sauko zan karanta lissafi a ƙofar masallaci, sannan mu wuce gidan sarkin ruwa da dattawa uku a kan maganar dumba, wadda na san ba za ta zo da sauƙi ba. Baba, tambaya ɗaya ta rage mini: a wurin da ruwa ya wuce ƙirji, daga cikin kwale-kwale kuke saran, ko kuna ɗaura wa laujen doguwar ƙota ne?