Rediyon da ne ya mayar da maroƙa mutane, inji Kawu

Kawu na Wunti: Salamu alaikum jama'ar gida. Yau raina a ɓace yake wallahi. Daren jiya na kira wani gidan rediyon FM a nan cikin Bauchi lokacin shirin gaishe-gaishe, katina ya kusa ƙarewa kafin layi ya shiga, na ce wa yaron ya sa min Ɗanƙwairo in gaida abokan zamana na bakin kasuwa, buɗar bakinsa sai ya ce wai Baba wane Ɗanƙwairon, na TikTok? Yana dariya, ya sako min wani kiɗan fiyano da murya kamar an shaƙe mutum. Mu da muka taso da Rediyo Kaduna mun san abin da ake ce wa nishaɗi. Tun 1962 da gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan, gajeren zango mita 49, akwati ɗaya a layinmu gaba ɗaya, in an idar da isha'i a fito da shi a ɗora kan benci a ja eriya kowa ya yi tsit. Rediyon nan shi ya mayar da maroƙa mutane, wanda da sai a ƙofar fada ko gidan biki za ka ji shi ya wayi gari ana sauraronsa daga Sakkwato har Yola. Na yanzu kuwa sai surutu da tallan maganin basir. Wanda ke da ja ya fito.

Jikan Sarkin Kiɗa: Kawu da girmanka da komai, su wa kake kira maroƙa? Ɗanƙwairon ne maroƙi? Kuma wai ya mayar da su mutane, da can su dabbobi ne?

Maman Ihsan: To fa, an fara.

Jikan Sarkin Kiɗa: A'a Maman Ihsan bari a yi ta a fili. Kakana makaɗin fada ne a ƙasar Katagum, naɗa shi aka yi da rawani, yana da gona yana da doki, bai taɓa miƙa hannu wa kowa ba. Makaɗi daban maroƙi daban. Maroƙi shi ne mai tsayawa a gefe yana kirari yana shelar kyauta, wane ya ba da riga wane ya ba da kujerar Makka, shi ne sanƙira. Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne da kotsonsa, sarakuna sun san shi tun kafin a san wani abu wai shi BCNN, kamfanin da ke da Rediyo Kaduna. Rediyo ne ya je neman su, ba su suka je neman rediyo ba.

Ɗan Jekadafari: Duk kanwar ja ce malam. Ka wasa mutum da waƙa ya cire riga ya ba ka, in ba roƙo ba mene ne sunansa? Ai Bahaushe da kansa sana'ar roƙo yake ce mata, ba Kawu ya ƙirƙiro ba.

Jikan Sarkin Kiɗa: Kai da albashi kake jira ƙarshen wata kana ta addu'ar alat ya shigo, kai ma maroƙin gwamnati ne kenan.

Ɗan Jekadafari: Ni ɗinki nake yi, ka tambaya.

Tica na Yelwa: Don Allah mu koma kan maganar, domin Kawu yana da gaskiya ta wani ɓangaren amma ya fara labarin daga tsakiya. Rediyo bai fara da Kaduna ba. A Amurka tashar KDKA ta fara a 1920, BBC a Ingila 1922, kuma tun farko kiɗa ne ya riƙe su, ko a kawo masu kiɗa cikin situdiyo su yi kai tsaye ko a ɗora faifai. A Nijeriya abin da Turawa suka fara kawowa akwati ne mai waya, ana jona shi daga tasha har ɗakinka kana biyan kuɗin haya, ba ka da zaɓin tasha, abin da aka sako shi za ka ji, yawanci shirin BBC ne. Legas aka fara, Kano ta samu a 1944. Sai aka kafa hukumar rediyo ta ƙasa, NBS, a 1951, ta koma NBC a 1957, shekarar da BBC Hausa ma ta fara. Abin da ya kai rediyo ƙauye shi ne mai batir, tiransisto, wanda makiyayi zai rataya a kafaɗa. Kuma ga abin da ba a cika faɗa ba, faifan garmaho na lokacin kusan minti uku yake ɗauka kowane gefe, makaɗin da ya saba kwana yana waƙa ɗaya a fada dole ya datse ta, sai da tef ya zo aka samu sarari. Kenan rediyo ya ba su jama'a, amma ya canza musu tsawon waƙa da ma wanda suke yi wa ita.

Autan Kobi: Tica ba lakca muka zo ba, data ta yi tsada. Amsa ɗaya muke so, Shata maroƙi ne ko ba maroƙi ba ne?

Tica na Yelwa: Ban ambaci Shata ba.

Autan Kobi: To ni na ambata. Dakta Mamman Shata, jami'ar ABU ta ba shi digirin girmamawa, ka taɓa jin an ba maroƙi dakta? Shi ake bi ana roƙo ya yi wa mutum waƙa, masu kuɗi har layi suke, in kalangu ya tashi a Rediyo Kaduna direban tirela ma rage gudu yake. Ya rasu tun 1999 amma har yau ba ranar da ba a sa shi.

Baffan Kumo: Bin sa ake don so ko don tsoron zambo? Mu faɗi gaskiya. Ɗanƙwairo dai waƙarsa da nauyi, ƴan amshi ga su a jere kowa ya san inda zai karɓa, Hausar ma sai ka nemi dattijo ya warware maka. Wannan shi ne makaɗi. Na kalangu kuwa duk wanda ya ba da kuɗi a wurin biki ya shiga waƙa.

Autan Kobi: Baffa ka ci albarkacin furfura.

Baffan Kumo: Furfurar ce ta ji su da kunnenta, kai a memori ka same su.

Hajiya Inna: Ku duk maza kuke lissafawa. Mu a cikin gida rediyon nan shi ne fitarmu. Yayana ne ke sayo katin Zaɓi Sonka ya cika sunayen ƴan gidanmu kaf har da jaririya, ya kai gidan waya, sai mu yi makonni muna kasa kunne, ranar da aka karanto sunan innarmu tana cikin tankaɗe sai ga ta tsaye da rariya a hannu tana cewa ku ji ni a Kaduna, maƙwabta suka yi ta shigowa barka kamar an yi haihuwa. Batir in ya yi sanyi a shanya shi a rana a mayar. In aka sako amada, su Barmani Choge da ƙwaryarsu, ai ranar tuwo sai ya makara. Ga Samanja, yara har haddace maganarsa suke. Wannan fa shi ne abin da Kawu yake nufi ina ga.

Ɗan Jekadafari: Mu a Gombe ba Kaduna kaɗai muka dogara da ita ba, muna kamo Garwa ta Kamaru mu ji Fulfulde da kiɗan da ku Bauchi ba ku san shi ba.

Autan Kobi: Wace Gombe? Lokacin ai kuna ƙarƙashinmu, sai 1996 Abacha ya yaye ku.

Ɗan Jekadafari: Ku ma kafin 1976 Maiduguri kuke kai gaisuwa, jihar Arewa maso Gabas, kar ka manta. Kuma tun da muka fita wa ya fi wani tituna?

Autan Kobi: Tituna aka tambaye ka? Ana maganar murya a rediyo, mu muka haifi Tafawa Ɓalewa da Turawa da kansu suka ce muryarsa ta zinariya ce, ku kawo naku.

Maman Ihsan: Shi kuma waƙa ya yi? Ikon Allah.

Ustaz Abu Hanifa: Jama'a ku ji tsoron Allah, kuna ta jayayya kan sunan da za a kira mai kiɗa, makaɗi ne ko maroƙi duk lagawu ne. Kuma masu cewa na da akwai tarbiyya, ba a gidajen rediyon nan iyayenmu suka koyi waƙoƙin Indiya ba? Daga nan aka faro abin da kuke kuka da shi yau.

Baffan Kumo: Ustaz ai ko wa'azin ma da tafsirin azumi ta wannan akwatin ya iso ƙauyenmu, ka haɗa da shi a lissafi.

Ustaz Abu Hanifa: Wannan daban.

Tica na Yelwa: Wani abu kuma, gidan Kaduna na gwamnatin Jihar Arewa ne, gwamnatin kuma ta jam'iyyar NPC ce, ku tambayi kanku ko mawaƙin jam'iyyar adawa ta NEPU zai samu fili kamar na masu mulki. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa shi ya fi dacewa da maganar Kawu, bai da uban gida a fada, waƙar talaka da ɗan kasuwa da zaman aure yake yi, rediyo ne fadarsa.

Jikan Sarkin Kiɗa: Ni dai har yanzu ban ga an janye kalmar ba. Sai Kawu ya janye ko in fita daga guruf ɗin nan.

Ɗan Jekadafari: Ƙofa a buɗe take, ka gaida sanƙira.

Kawu na Wunti: Ni fa yaron nan da ya min dariya nake magana a kai, ba wanda ya ce uffan a kansa. Kuma ban janye komai ba, haka muka ji iyayenmu suna faɗa.

Admin: To jama'a dare ya yi, ga abin da aka tsayar. Na ɗaya, kowa ya yarda rediyon da ya fi na yanzu, ba wanda ya kawo hujjar akasin haka. Na biyu, an tabbatar Dakta Shata ba maroƙi ba ne tunda ga digiri, sauran makaɗan kuma kowa ya kira su yadda ya ga dama. Tica mun gode da tarihi amma a riƙa gajartawa. Maganar Garwa ba ta cikin maudu'i, kuma ƴan Gombe a riƙa girmama na gaba, jiha ce ƙanwa. Jikan Sarkin Kiɗa ka yi haƙuri, Kawu babba ne ba a sa shi janye magana. Zan rufe sharhi zuwa safe.

Ɗan Jekadafari: Wa ya yarda? Admin ɗan Unguwar Jahun ne kuma hoton Shata ne a furofayil ɗinsa, kowa ya duba