Yarana suna rubuta 203 a maimakon 23: wa ya taɓa fama da wannan?

Madam ta CP, Zango:
Salamu alaikum ƴan uwa. Abin ya ishe ni, shi ya sa na kawo shi nan. Yara 68 gare ni a ajin CP, wato aji biyu na firamare. In na ce su ƙirga daga ɗaya zuwa ɗari, sai su rera shi kamar waƙa, ba tuntuɓe. Shekaranjiya na ce kowa ya rubuta ashirin da uku a allonsa ya ɗaga. Wallahi wajen rabinsu 203 suka rubuta, wato 20 ga ta, 3 ga ta a gefe. Wasu kuma 32. Na zana musu gidan ɗaiɗai da gidan gomomi a babban allo har alli ya ƙare, washegari kamar ban yi ba. Wanda ya taɓa shiga wannan halin, malami ko uba ko uwa, ya faɗa mana abin da ya yi da hannunsa, ba abin da littafi ya ce ba.

Mushe na Birni:
Wa alaikumus salam Madam. Yaran ba su yi laifi ba, abin da kunnensu ya ji suka rubuta. Ni ma na sha wannan, sai da na daina zane na koma tsinke. Amma ga inda na yi kuskure shekarar farko: ni na zauna a gida da dare na ƙulla tsinken tsintsiya goma-goma, na kawo musu a shirye. Bai yi aiki ba ko kaɗan. Yaro yana ganin ƙulli ɗaya da tsinke uku sai ya ce huɗu, kuma a idonsa gaskiya ya faɗa, abu huɗu ne a gabansa.

Da shekara ta zagayo sai na zube musu tsinken a tabarma, na ce kowa ya ƙirga goma da kansa ya ɗaure da zaren kaba. Doka ɗaya ce: tsinke ba ya kai goma a sake. Yana cika goma, a ɗaure shi, ya koma hannun hagu. Sati biyu muka yi ba mu taɓa alli ba, sai ɗauri da kwancewa. Ranar da na ce su ajiye ashirin da uku, wata ƴar ƙarama da ba ta cika magana ba ta ajiye ƙulli biyu da tsinke uku. Na ce rubuta mini nawa ne ƙulli, ta rubuta 2. Nawa ne a sake, ta rubuta 3. Ta kalli allon, ta kalle ni, ta ce "Mushe, ashe shi ke nan?"

Maman Nana:
Ni ba malama ba ce, ƴata ce a CP. Na gwada da gyaɗa a gida. Kafin mu kai arba'in ƙanenta ya cinye goma sha. Yanzu ƙwallon dabino muke tarawa, goma a cikin kowace ƴar leda.

Baban ƴan biyu, Sabon Gari:
Ni gargaɗi zan yi. Kada wanda ya fara da kuɗi. Ina da tebur a Kasuwar Dole, sai na ce bari in koya wa nawa da abin da suka saba gani. Na ba ɗaya tsabar sefa 100 guda da tsabar sefa 10 guda biyu, na ce rubuta nawa ke nan. Ya rubuta 24. Na ɗaga murya, sai uwarsu ta ce to ai bai yi ƙarya ba, dala ashirin da huɗu ne. Nan jikina ya yi sanyi. Mu a bakinmu 10 dala biyu ce, 50 dala goma, 100 dala ashirin, 1000 jika. Lissafin kasuwa da biyar-biyar yake tafiya, na lakwal da goma-goma. Yaron da ake aike sayen maggi tun yana shekara biyar ya riga ya ƙware a na farko, in ka haɗa masa su rana ɗaya ka jagula masa kai.

Madam ta CP, Zango:
Alhaji, ka ceto ni. Sati mai zuwa na yi niyyar yanka kwali in yi musu kuɗin wasa.

Mushe na Birni:
Ki yi, amma ba yanzu ba. Sai tsinke ya zauna.

Tsohon darakta, ɗan fansho:
Ƴata, bari tsoho ya sa baki. Rabin wahalarki ta harshe ce. Hausa a nan ta fi Faransanci sauƙi, mu ne ba mu lura ba. Goma sha ɗaya, goma sha biyu: goman tana nan a fili, yaro yana jin ta. Amma a onze da douze ina goman take? Sai an kai dix-sept (goma sha bakwai) take leƙowa. In aka je sama kuma abin ya fi muni. Saba'in a Faransanci sittin da goma ne, tamanin kuma ashirin sau huɗu. Na sha ganin ɗan CE1, wato aji uku, ya ji quatre-vingt-dix (casa'in) ya rubuta 42010, kuma in ka bi abin da aka faɗa masa harafi da harafi, bai kauce ba. Mutanen Beljiyam ma da suke jin Faransancin, septante (saba'in) da nonante (casa'in) suke cewa, sun hutar da kansu.

Namu ma da inda yake ɓoye goman. Ashirin, talatin, arba'in har casa'in duk daga Larabci muka aro su. Kakanninmu gomiya biyu, gomiya uku suke cewa, kuma har yau akwai tsofaffin da ke faɗin haka. Ni da ita nake farawa: gomiya biyu da uku, ƙulli biyu da tsinke uku, sannan in ce to sunanta na yau da kullum ashirin da uku, a Faransanci vingt-trois. Abin da ba na bari a aji shi ne "ashirin ba ɗaya" da "talatin ba biyu". A kasuwa daidai ne, a CP yaro zai rubuta miki 21 ko 201 yana nufin 19.

Ba sabon abu nake kawo muku ba. A nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai fara karatu da harshen gida, a 1973. Mu da muka ga yaran da suka fara lissafi da Hausa mun san bambancin.

Mushe na CE2 (aji huɗu), hanyar Mirya:
Baba, da girmamawa, ni ina da ƙorafi a kan tsinken nan. Ni ke karɓar yaran bayan shekara biyu. Suna zuwa mini da dami a jaka, in na ce 46 da 38 sai a baje tsinke a ƙasa, rabin awa ta tafi. Ga ajina na zana ne, lokacin hunturu iska na shigowa ta kwashe komai. Tsinke tsani ne, a hau a wuce. Ku da ke CI (aji ɗaya) da CP ku riƙa yaye su: yau tsinke, gobe zanen tsinke a allo, jibi lamba zalla.

Mushe na Birni:
Wannan gaskiya ne, na karɓa. Sai dai kada a yaye su kafin su kwance ƙulli. A 32 a cire 7: tsinke biyu ne a sake, ba su isa ba, dole yaro ya kwance ƙulli ɗaya ya sami goma sha biyu, saura ƙulli biyu. Wanda ya yi wannan da yatsunsa sau ashirin ba zai tambaye ka daga ina ɗan 1 ɗin nan da ake rubutawa a sama in ana ragi ya fito ba.

Hajiya mai goro:
Jikana ne ya karanta mini maganarku. Mu ƙwaryar goro ɗari ce, kuma ba mai ce mata goro ɗaya don an ce ƙwarya ɗaya. Da haka na gane abin da kuke nufi. Shi yaron sifiri ne ya hana shi barci, ɗari da biyar yana rubuta 15, wani lokaci 1005. Na jera masa faranti uku. Na hagu na sa dami ɗaya mai ƙulli goma, na dama tsinke biyar, na tsakiya ba komai. Ya miƙa hannu zai ɗauke na tsakiyan, na buge hannun, na ce bar shi nan, mai wurin ya tafi kasuwa ne, ba a zama masa a wuri. Yanzu in ya zo rubuta sifiri sai ya ce "wannan ya tafi kasuwa".

Madam ta CP, Zango:
Hajiya, na saci farantinki. Yau na ce kowane yaro ya zo da tsinke talatin ranar Litinin, ni zan kawo kaba. Mushe na Birni, yara 68 a tabarma huɗu, kana raba su rukuni-rukuni ne ko kowa da nasa? Kuma ina kake ajiye ƙullin in an tashi? Kayan da na bari a aji bara gara ta cinye su.

Mushe na Birni:
Biyu-biyu, ɗaya na ɗauri ɗaya na rubutu, sai su yi musanya. Ajiya kuma gwangwanin madara mai murfi, ki ɗora shi a kan tebur, kada ya taɓa ƙasa.