Neman shawara kan zaɓen murhun banda mai aiki da gawayi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina son mallakar murhun da ke gasa nama a hankali da hayaƙin gawayi, amma na rasa wanda zan tsaya a kai tsakanin guda biyu.

Na farko shi ne Weber Smokey Mountain, murhu ƙirar ƙasar waje mai faɗin inci 18, wanda ƙarfensa ba shi da kauri sosai, sai dai an lulluɓe shi da tangaran da ke kare shi daga tsatsa, kuma kwanon ruwan da ke tsakanin garwashi da nama yana taimakawa wajen riƙe zafi tsakanin digiri 107 da 121 a ma'aunin Celsius. Matsalarsa kuɗi ne, domin idan aka haɗa da na jigila da na kwastam, lissafin yana wuce abin da na tanada.

Na biyu kuwa mai walda ne ya ce zai ƙera mini irin mai ɗakin wuta a gefe da bututun hayaƙi, a kan kuɗi mai sauƙi. Murhun da ya nuna mini a shagonsa ya sanyaya mini gwiwa: murfin bai zauna daidai ba, har ana hango haske ta bakinsa, kuma na san duk inda iska ta samu kafa, gawayi zai ƙare da wuri, zafi kuma ya riƙa hawa da sauka.

Ga waɗanda suka yi aiki da su, wane kaurin ƙarfe ya kamata in nema idan na zaɓi ƙirar gida, kuma da me ake toshe bakin murfi wanda zai jure wuta? Ko kuwa ƙarkon na wajen ya kai a jure tsadarsa? Na gode.