Jamusancin filin jirgi: da me ya kamata a fara?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga wanda zai sauka a Frankfurt ya canja jirgi, kuma saura mako uku tafiyar, wane Jamusanci ya fi dacewa ya fara riƙewa? Haddar jimloli ta wadatar, ko sai an taɓa nahawu? Don Allah a haɗa da yadda ake furtawa.

Malamin Harshe:
Wa alaikumus salam. Malam, fara gyara kunne kafin baki. Ma'aikatan manyan filayen jirgin Jamus suna jin Turanci, amma wajen lamba da lokaci ake yawan tuntuɓe.

Jamusawa a juye suke faɗin lamba. Mu mukan ce ashirin da ɗaya, su kuma einundzwanzig, wato ɗaya da ashirin. In aka ce ƙofarku ta koma B vierundzwanzig, 24 ake nufi, ba 42 ba. Kar ka kama lambar da ta fara shiga kunnenka, bari kalmar ta ƙare tukuna.

Sai agogo. Halb acht ba takwas da rabi ba ne, bakwai da rabi ne, don rabin hanyar zuwa takwas suke lissafawa. Wanda ya ɗauka 8:30 ne ya makara da awa guda cur. Viertel vor acht kuwa daidai yake da namu, takwas saura kwata. A allo da sanarwa da agogon awa 24 ake aiki: neunzehn Uhr dreißig shi ne 19:30.

Nahawun da na fi so ka kula da shi shi ne aikatau masu rabewa biyu, irin su einsteigen (shiga), aussteigen (sauka), umsteigen (canja jirgi), abfliegen (tashi). A cikin jimla kan kalmar yakan guntule ya koma wutsiya. Wir steigen in Frankfurt um, za mu canja jirgi ne. Wir steigen in Frankfurt aus, nan za mu sauka. Bambancin duka yana kan 'yar kalmar ƙarshe, ita ce kuma hayaniyar filin jirgi take cinyewa.

Hajiya Mai Tafinta:
Gaskiyar Malam ne, amma baki ma yana da ranarsa. Ka kira kowane ma'aikaci da Sie, irin "ku" ɗinmu na girmamawa. Du na yara ne da abokai, kar ka gwada shi kan jami'in fasfo. Ka fara da Entschuldigung (gafara dai), sannan: Wo ist die Passkontrolle? (ina wurin duba fasfo?) In za ka zarce wata ƙasar Shengen, wato ƙasashen Turai da aka saba ba a duba fasfo a tsakaninsu, a Frankfurt za a duba fasfonka, ba a can ba, don haka ka bar wa layin lokaci.

Kowane suna ka haddace shi da jinsinsa, kuma uku ne ba biyu ba: der Koffer (akwati), die Bordkarte (katin shiga jirgi), das Gepäck (kaya). Na namiji ne kaɗai yake sauyawa in aiki ya faɗa kansa: Mein Koffer ist schwer (akwatina yana da nauyi), amma Ich suche meinen Koffer (ina neman akwatina). Ko ka kuskure wannan za a gane ka. Waɗannan biyun kuwa a zauna da su daram: Ich habe meinen Anschlussflug verpasst (jirgin da zan canja ya wuce ni), da Können Sie bitte langsamer sprechen? (ku ɗan sassauta magana).

Ɗan Lungu:
Furuci, ɗan'uwa. Z kusan "ts" ɗinmu ce, don haka Zoll, wato kwastan, "tsol" za ka ji. V a yawancin kalmomi "f" ce: verspätet, an jinkirta, "fershpetet". Ei "ai" ne, ie kuma doguwar "i". A allo, Abflug tashi, Ankunft isowa, annulliert an soke.

A kwastan hanya biyu ce: koriya anmeldefreie Waren, ja anmeldepflichtige Waren. Bin koriya tamkar ka ce ba ka da abin bayyanawa ne. Mai tsabar kuɗi yuro 10,000 ko fiye dole ya bayyana, haka tsarabar da ta haura yuro 430 ga babban da ya zo ta jirgi daga wajen Tarayyar Turai. Nama da madara kuwa an hana shigo da su. A lura su 10.000 suke rubutawa da ɗigo, waƙafi kuma na gutsure ne, 23,5 kg kilo 23 da rabi ke nan.

In akwati bai fito ba, kar ka bar wurin ɗaukar kaya. Nemi teburin Gepäckermittlung, ka ce Mein Koffer ist nicht angekommen (akwatina bai iso ba), ka miƙa 'yar takardar nan mai lamba da aka ba ka lokacin auna kaya. Da lambarta ake bin sawun akwatin.